Famfon Ƙarshen Layi: Gargaɗi ga Masu Hawan Jini Kafin Zafi Ya Tsananta

Da masu hawan jini nake, da matan da ke jinyar mazajensu, da 'ya'yan da ke saya wa iyayensu magani, da masu kemis na Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe da Gwagwalada. In an gwada jinin mutum aka ga ya hau, kada wanda ya nemi ya faɗo da shi ƙasa cikin awa ɗaya. Kada a sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe a bakin kanti, kada a ninka masa maganinsa don lamba ta tsorata mutane. Akwai shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa, wannan kowa ya san ta. Akwai kuma wadda faɗuwar jini ce ke kawo ta, ga mutumin da jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwarsa suka riga suka ƙuntata bai sani ba. Ta biyun nan ce ta shigo gidanmu, kuma da hannunmu muka buɗe mata ƙofa.

Kawuna ɗan kasuwa ne, katako yake sayarwa a Dei-Dei, gidansa a Kubwa. Ya haura shekara 60, ya daɗe da hawan jini da ciwon suga, magani kuma sai ranar da ya tuna. A azumin 2024, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris cikin zafin da ya sa hukumar NiMet ta yi ta fitar da gargaɗi, na je masa buɗa-baki. Muna zaune kan tabarma ya miƙe da kofin kunu a hannunsa na dama, sai hannun ya kama rawa. Ba makyarkyatar sanyi ba, fizga ce, kofin yana bugun iska, kunu yana zuba kan rigarsa. Ya koma ya zauna, kafin minti biyu ta lafa.

Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Gajiya ce, ɗan nan. Kwana biyu haka take yi mini in na tashi tsaye. Da na zauna shi ke nan."

Hajiyarsa ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce ai ko shekaranjiya ya ce idonsa na hagu ya rufe kamar an sako labule, can kuma ya washe. Muka ce azumi ne. Ni ma da bakina na ce azumi ne.

Bayan kwana huɗu ya tashi da ciwon kai, ga gudawa da ta dame shi tun dare, amma ya ƙi ajiye azumin. Da la'asar aka kai shi wani kemis a unguwa, aka gwada, jini 190 bisa 110. Yaron kantin ya ba shi ƙwaya ya ce ya tauna ya bar ta ƙarƙashin harshe, ya kuma ce in ya sha ruwa ya haɗa maganinsa na safe da na dare. Aka sake gwadawa bayan isha'i, 115 bisa 70. Kowa ya yi hamdala. Da asuba Hajiya ta miƙa masa buta, ya sa yatsunsa ya kama hannun butar sosai, amma ɗaga ta ya gagara, kafaɗar dama ta ƙi tashi. Ya yunƙura zai miƙe, cinyar dama ta ƙi ɗaukarsa. Bakinsa bai karkace ba, shi ya sa muka ɓata awa uku muna shafa masa man zafi. Abin da ya tayar mana da hankali maganarsa ce. In ka ce masa "ruwa" sai ya ce "ruwa" tsaf, in ka ce "sannu" ya ce "sannu", amma ya fara zance da kansa ya gagara.

Da muka kai shi asibiti, likitar da ta duba hoton ƙwaƙwalwarsa ta kira ni gaban kwamfuta ta nuna mini wasu fararen ɗigo-ɗigo a jere a ɓangaren hagu, kamar an tsinke carbi an shimfiɗa 'ya'yansa a layi ɗaya. Ta ce wannan jerin shi ne sa hannun ciwon. Hoton jijiyar wuyansa kuma ya nuna ta hagun ta kusa toshewa.

Duk wanda ya zauna Abuja zai gane yadda abin yake aiki, domin kullum muna ganinsa a famfo. Ruwan birnin nan daga madatsar Usuma yake tasowa, can wajen Ushafa. Ranar da ruwa ya zo da ƙarfi, kowa ya samu. Ranar da ƙarfinsa ya ragu, gidan da ke kusa da babban bututu ba zai ma san an yi ba, na ƙarshen layi da na saman bene su ne za su buɗe famfo su ji iska. To, a ce kuma bututun da ke shiga layin ya yi tsatsa, cikinsa ya cushe, hanyar da ta rage ba ta fi tsinke ba. Wannan layi ƙarfin turin ruwa kaɗai ke rayar da shi. Ka rage turin kaɗan, gidan ƙarshe ya bushe.

Haka ƙwaƙwalwa take. Nauyinta bai fi kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, da kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jijiyoyi huɗu ke hawa da jini zuwa gare ta, biyu ta gaban wuya inda kake jin bugu in ka ɗora yatsa, biyu ta ƙeya. A gindin ƙwaƙwalwa suke haɗuwa su yi zobe, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya yi bayaninsa a 1664, daga nan kowane ɓangare ya samu manyan rassa uku: na gaba, na tsakiya, na baya. Kowane reshe da yankin da yake shayarwa. Inda yankin wannan ya ƙare na wancan ya fara, nan ne kan iyaka, kuma nan ne ƙarshen layi ga dukkansu biyu. Akwai wata kan iyakar a can ciki, inda ƙananan jijiyoyin da ke nutsawa daga sama suke tsayawa kusa da waɗanda ke tasowa daga ƙasa. Idan jini ya yi ƙaranci, waɗannan wurare ne ke fara mutuwa. Likitoci sun aro wa ciwon suna daga tudun da ke raba ruwa tsakanin koguna, irin tsaunukan Jos da ruwan samansu wani ke bin kogin Kaduna, wani Gongola, wani ya nufi tafkin Chadi. Ni dai shanyewar kan iyaka nake ce mata. A ƙiyasin likitoci, wajen 1 cikin 10 na shanyewar da rashin isar jini ke haddasawa irin wannan ce.

Alaƙarta da ƙuntatar jijiya ita ce zuciyar maganar. Mutum mai lafiyayyun jijiyoyi, ƙwaƙwalwarsa tana da dabara: jini ya sauka, ƙananan jijiyoyi su buɗe su ƙara faɗi, jini ya hau, su tsuke, abin da ke isowa ya tsaya daidai. Wanda babbar jijiyarsa ta cushe da kitse da tabo, ƙananan da ke bayan cushewar sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu tun da daɗewa don su rayu da ɗan abin da ke wucewa. Ba su da sauran abin yi. Shekarun hawan jini kuma sun sabar da ƙwaƙwalwar da turi mai ƙarfi, har lambar da take daidai ga saurayi tana iya zama fari gare ta in an kai ta can farat ɗaya. Akwai ƙari. A 1998 likitoci biyu, Louis Caplan da Michael Hennerici, sun kawo bayanin cewa wurin da ya cushe yana zubar da ɓarɓashin gudan jini, wanda kwarara mai ƙarfi kan wanke shi ya wuce, amma in kwararar ta yi rauni sai ya je ya maƙale a kan iyaka, kamar yadda shara ke taruwa inda ruwan kwata ya daina gudu. Ƙarancin jini da ɓarɓashi tare suke aiki. Jerin ɗigon nan na can ciki, irin na Kawu, shi ya fi nuna cewa akwai jijiya mai tsananin ƙunci a bayansa, kuma in ba a nemo ta ba ciwon kan dawo.

Kada mu ɗauka cutar Turawa ce. Binciken da aka yi a arewacin Manhattan da ke birnin New York, wanda aka buga a 1995, ya nuna cushewar jijiyoyin cikin ƙoƙon kai ta fi yawa ga baƙar fata fiye da farar fata, haka kuma take da yawa a ƙasashen Asiya. A nan gida, binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele suka jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya duba masu shanyewar jiki 2,118, aka buga sakamakon a 2018. Matsakaicin shekarunsu 59. Kashi 68 cikin 100 rashin isar jini ne, kashi 32 fashewar jijiya. Hawan jini ne ya ɗauki kaso mafi girma na laifin, wajen kashi 90 cikin 100, sannan kitsen jini, ciwon suga, yawan gishiri, taba, rashin motsa jiki da ƙarancin cin ganye. Waɗannan ɗin dai su ne ke cushe jijiya sannu a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi. Dubi rayuwarmu a garin nan: awa biyu a mota daga Mararaba zuwa sakatariya, wuni guda kan kujera, miya da dunƙulen ɗanɗano biyar, tsire da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi da kilishi.

A nan dole in tsaya in ja kunne da kyau, don kada wani ya karanta rabi ya ce an ce a daina shan maganin hawan jini. Ban faɗa ba, kuma wanda ya daina ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi wannan girma. Hawan jinin ne ya cushe jijiyar tun farko, shi ne kuma ke fasa ta. Ko masu ƙuntatacciyar jijiya, bincike ya nuna sun fi tsira in an riƙe jininsu ƙasa da 140. Bambancin yana ga yadda ake saukowa. Likita kan sauko da shi mataki-mataki cikin kwanaki da makonni, ƙwaƙwalwa tana sabawa. Abin da ke kisa shi ne tsalle daga 190 zuwa 115 tsakanin la'asar da isha'i. Ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, nifedifin mai saurin aiki, tun 1996 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga kiran a daina amfani da ita ta wannan hanya, saboda rahotannin shanyewar jiki da ciwon zuciya da mutuwa da suka biyo bayanta. Shekara kusan 30 ke nan, amma har yau ana miƙa wa iyayenmu ita ta saman kanta. Garin neman gira ake rasa ido. Ko a asibiti, in mutum ya zo da sabuwar shanyewa ta rashin isar jini kuma ba za a yi masa allurar narkar da gudan jini ba, ƙa'idar likitoci ita ce a ƙyale jinin a sama a kwanakin farko matuƙar bai wuce 220 bisa 120 ba, in ma za a rage, wajen kashi 15 cikin 100 ne a awa 24 na farko. Jiki ne da kansa ya ƙara turi don ya ceci ƙarshen layi. Wanda ya kashe turin a lokacin ya ƙarasa abin da ciwon ya fara.

Ba ƙwaya kaɗai ke faɗar da jini ba, kuma wannan ne ya sa nake rubutun nan yanzu kafin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja da Gwagwalada ke kusantar digiri 40. Gumi mai yawa ba shan ruwa, amai da gudawa, zazzaɓi mai tsanani, zubar jini bayan haihuwa ko haɗarin mota, bugun zuciya da ya rikice, tiyata mai tsawo, duk suna iya yi. Maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, in aka sha shi da sahur aka wuni cikin rana, yana tatse ruwan jiki. Haka mai haɗa maganin asibiti da jiƙe-jiƙen da aka ce suna sauke jini, bai san adadin da ya sha ba. Dattijo mai hawan jini da suga ya je ya ga likitansa kafin azumi a daidaita masa lokutan magani, ya kuma tambayi malami game da rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya. Da Kawu ya ajiye azumin ranar da gudawa ta kama shi ya rama daga baya, wataƙila da labarin ya bambanta. Wannan tunani bai bar ni ba har yau.

Ciwon yana aiko ɗan saƙo kafin ya zo, kuma saƙonsa yana da kama ta musamman. Hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta riƙa rawa ko fizga in mutum ya miƙe tsaye, ta daina in ya zauna ko ya kwanta; wani likita ɗan Kanada, Miller Fisher, ya bayyana wannan alama tun 1962, kuma sau da yawa ana ɗaukarta farfaɗiya ko shafar iska. Ido ɗaya ya yi duhu na 'yan mintoci ya dawo. Harshe ya yi nauyi ko kalma ta ɓace bayan cin abinci mai nauyi, bayan wanka da ruwan zafi, ko bayan shan maganin hawan jini. Ɓari ɗaya ya mutu ya farfaɗo kafin a kai ga mota. Farfaɗowar nan ita ke yaudararmu, mu ce Allah ya kiyaye, mu koma harkokinmu, alhali kwanakin da ke biye su ne mafi haɗari. In ciwon ya sauka kuma, ba lallai baki ya karkace ba. Yankin ƙwaƙwalwa da ke juya kafaɗa da ƙugu a kan iyaka yake, don haka yatsu na iya aiki kafaɗa ta ƙi. In ya taɓa ɓangarorin biyu, kamar bayan tsayawar zuciya, mutum kan iya tafiya da ƙafafunsa amma hannayensa biyu su rataye kamar an zura shi cikin ganga.

Iyayen yara masu amosanin jini, wato sikila, ku ma da ku nake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haifar wajen jarirai 150,000 da ita a shekara. Jijiyoyin ƙwaƙwalwar waɗannan yara kan ƙuntata tun suna ƙanana, jininsu kuma dama ba shi da yawa, don haka kan iyakar ƙwaƙwalwarsu kullum a bakin fari take. Idan ba a yi rigakafi ba, wajen kashi 11 cikin 100 na masu nau'in SS kan samu shanyewar jiki kafin shekara 20, wasu da yawa kuma kan samu tabon da ba ya nuna kansa sai a aji, yaro mai ƙoƙari ya koma baya a yi ta dukansa ana cewa wasa ya sa a gaba. Akwai awo mara zafi da ake yi da na'urar sauti a gefen kai, TCD, mai auna gudun jini. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiya ta tsuke, haɗari ya kusa. Binciken STOP na Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kashi 92 cikin 100. Da yake ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancinmu, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yaranmu, a binciken SPRING da aka buga a 2022, ya kuma nuna yana ba da kariya. A nan Abuja akwai cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu. Duk mai yaro SS daga shekara 2 zuwa 16 ya tambayi asibitin da yake zuwa inda za a yi masa wannan awo duk shekara. Yaron kuma in ya yi fari fat, ko gudawa ta kama shi, ba a kwana da shi a gida.

Ga babba, gano ƙuncin ba abu ne mai wuyar gaske ba. Hoton jijiyar wuya da na'urar sauti, irin wadda ake duba mai ciki da ita, yana nuna cushewar wuya. Ta cikin ƙoƙon kai sai hoton jijiyoyi na CT ko MRI. In an ce maka ɗan'uwanka ya samu shanyewa, ka tambayi likita kai tsaye: ranka ya daɗe, an duba jijiyoyin da ke kai jinin, ko ƙwaƙwalwar kaɗai aka ɗauka? In ƙuncin a wuya yake kuma ya kai kashi 70 zuwa 99 ga wanda ya riga ya ga alama, tiyatar kankare shi tana da amfani: a binciken NASCET na 1991, haɗarin shanyewa cikin shekara 2 ya sauko daga kashi 26 zuwa kashi 9. In a cikin kai yake, labarin daban ne, kuma ina so masu shirin sayar da fili su tafi Indiya ko Masar a sa musu ƙarfen buɗe jijiya su ji wannan. A binciken SAMMPRIS na 2011, cikin kwana 30 na farko kashi 14.7 na waɗanda aka sa wa ƙarfen sun samu shanyewa ko sun rasu, waɗanda aka riƙe da magani kaɗai kuwa kashi 5.8. Maganin nan ba wani abin a zo a gani ba ne: asfirin da kulofidogirel na kwana 90, maganin kitsen jini mai ƙarfi, riƙe hawan jini da suga, barin taba, tafiyar ƙafa kullum. Magungunan duk ana samunsu a Wuse da Garki. Amma likita ne zai rubuta, bayan hoto ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce, domin asfirin ga mai zubar jini a ka ƙarin wuta ne.

Ranar da abin ya faru, a kwantar da mutum, kada a zaunar da shi ko a tsayar da shi ana gwada ko ƙafar za ta taka. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko zuma, ko ƙwaya, don maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya abin ya faɗa huhu. A duba agogo a riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. A kwashe duk magungunan da ya sha, da kwalayensu, har da na gargajiya, a tafi da su. A nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, kada a tsaya a ƙaramin wurin da za a ce bari a fara sauke jinin. Allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi kawai take da shi, kuma a babbar shanyewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Ku kuma 'yan'uwana masu kemis, na san mutane ne ke matsa muku, su zo a firgice su ce a ba su abin da zai sauke shi yanzu-yanzu. Mutumin da jininsa ya hau amma yana magana daidai, ba ciwon ƙirji, ba numfashi sama-sama, ba mutuwar gaɓa, a zaunar da shi ya huta a sake gwadawa, a tura shi ga likita a ranar. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan alamu kuwa na asibiti ne nan take, ba na kanti ba.

Kawu yana nan da ransa. Bayan wata takwas na gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, yana tafiya da sanda zuwa masallacin layinsu, maganarsa ta dawo sai dai yakan tsaya neman kalma. Kasuwar Dei-Dei babban ɗansa ne ke zama. Hajiya ta sayi na'urar awo da ƙaramin littafi, tana gwada shi a zaune, ta sa ya miƙe ta sake gwadawa a tsaye, ta rubuta duka biyun don likita ya gani. Makon jiya na je gaishe shi, ya sa hannun hagu ya tallafo gwiwar hannun dama kafin ya iya miƙo mini shi mu gaisa.